Makauniyar Kyanwar da Na Sa a Buhu

A kwalbatin ƙofar gidanmu na tsince ta, a Ƙofar Kaura, wata safiya bayan an kwana ana ruwa. Na fito zan tafi firamaren da nake koyarwa, sai na ji wani siririn kuka daga ƙarƙashin ƙafata. Na leƙa na ga wani abu ɗan mitsitsi ya maƙale a jikin leda, duk ya ɓaci da taɓo. Ni a lokacin ba ruwana da kyanwa, na taɓa bin wata da muciya har zaure don ta ɗauke mini kifi. Amma kukan nan ya hana ni wucewa. Na tuɓe takalmi na shiga na ciro ta, na naɗe ta a gefen mayafina na koma gida. Ranar sai da aka gama taron safe na isa makaranta.

Da na wanke ta da ruwan ɗumi na ga idanunta biyu sun liƙe da mugunya. Kwana uku ina goge su da auduga da ruwan gishiri, ba su buɗe ba. Sai na sa ta a kwali na kai ta asibitin dabbobi, na tarar da maza a layi, wannan da rago wancan da saniya. Wani dattijo ya leƙa kwalin, ya dube ni ya ce, "Malama, mussa kika kawo ma likita? To, Allah shi ba ta lahiya." Aka yi dariya. Na ce masa Wanda ya halicci ragonsa Shi ya halicce ta, na juya masa baya.

Likitan bai yi dariya ba. Ya duba ya ce ciwon ya riga ya cinye idanun, ba za ta taɓa gani ba. Ya ba ni man shafawa da sirinji marar allura don ba ta madara. Har na kai ƙofa ya kira ni ya ce, "Za ta rayu in kin iya da ita. Abu ɗaya dai, kada ki riƙa canza mata wuri. Da ƙafa da gashin baki za ta haddace gidanki, in kika gusar da abu kin sake makantar da ita." Na ce na ji, kuma Allah Ya sani na ji ɗin.

Mu biyu ne a gidan, ni da Malam maigidana, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati. 'Ya'yanmu sun tashi, biyu sun yi aure, autan yana karatu a wani gari. Saboda haka ina da lokacin zama in kalli yadda take koyon gidan, kuma ban taɓa ganin ɗalibi mai naci irinta ba. Ta fara da ɗakina, tana bin jikin bango tana cin karo da ƙafar gado. Daga nan ta fito tsakar gida. Kafin damina ta ƙare ta tsayar da hanyarta. Da safe in ta fito daga ƙofar ɗaki sai ta miƙe 'yan taku, ta juya hagu ta sami randa, ta goga jikinta da sanyin gindinta, ta sha ruwa a kaskon da na ajiye mata a nan. Daga randa ta wuce turmi, daga turmi ta kai gindin bedi, wato dogon yaro, inda na zuba mata yashi a tsohon daro don biyan buƙatarta. Abinci kuwa sai na ƙwanƙwasa cokali a bakin kwanonta sau uku, duk inda take za ta taho a guje, ba ta taɓa komai.

Sai na kafa doka a gidan, kuma ni ba a yi mini wasa da doka. Randa ba ta motsi, turmi ba ya motsi, ba a barin bokiti a hanya. Ran nan Malam ya shigo da babur ɗinsa ya kafe shi tsakanin randa da turmi saboda hadari ya taso. Ta taho da gudunta ta buga baki da salansa mai zafi. Abin da na faɗa wa Malam a ranar, shekara ashirin da wani abu muna tare ban taɓa faɗa masa ba. Ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Wai ni da mussar ga wa ke da gidan nan?" Na ce shi ke da gidan, amma shi yana da ido. Bai sake shigo da babur ba. Bayan 'yan watanni ma na kama shi yana ɓantaro mata tsokar kifi daga kwanonsa, ya ce wai faɗuwa ta yi.

Shekara biyu muka yi a haka. Ban sa mata suna ba, 'yar makauniyata nake ce mata. In ina gyaran littattafan yara tana kan cinyata, in na yi sallama ta ɗago kai ta fuskanci daidai inda nake da fararen idanunta. Ina sonta, ba na jin kunyar faɗa yanzu. Da a ce a lokacin ma ban ji kunyar ba.

Sai aka buga gangar siyasa, sojoji za su koma bariki. Malam mutum ne da unguwa ke jin maganarsa, sai aka zo aka lallaɓa shi ya zama shugaban jam'iyya na mazaɓarmu. Ɗan takararsu kuma ya ci. Tun daga nan gidan da ke wuni shiru ya koma kamar tashar mota. Maza a zaure, mata a tsakar gida, takalma birjik, tabarmi ko'ina. Aka aro manyan tukwane aka kafa murhu uku daidai kan hanyarta ta zuwa bedi. Ni mai dokar nan, ni da hannuna na jawo randa na kai ta lungu don a sami wurin shimfiɗa.

Ta ruɗe. Sai ta fito ta juya hagu ta tarar ba randa, ta tsaya cik tana kuka. Ta taka tabarmar mutane, ta faɗa cikin takalma, sau biyu aka take mata wutsiya. Da yake ba ta iya kaiwa ga daron yashinta, ta fara ɓata bayan ƙofa. Ina gani, na san dalili sarai, amma hankalina yana wani wuri. A lokacin an fara kirana uwar mazaɓa, kuma sunan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata ga mace mai shekaruna.

Ana saura 'yan kwanaki a rantsar da sabuwar gwamnati, wata Hajiya ta kawo mana ziyara, matar wani babba a jam'iyyar. Na yi mata dambun nama da farfesu, na fito da kwanukan da ba na fitarwa sai da Sallah. Muna cikin gaisawa wata mata a madafa ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya. 'Yar makauniyata ta ɗauka kiranta ne. Ta taho a guje ta tsakiyar tabarma, ta afka cikin kwanon farfesu, romo ya fallatsa a leshin baƙuwa. Hajiyar ta zabura, ta ga fararen idanun nan, ta ja da baya ta ce, "A'uzubillahi! Mi ne ne wannan kuke ajiyewa cikin gida? Gidan da manya za su riƙa shigowa?"

Ni da na juya wa dattijo baya a asibitin dabbobi, ni da na yi wa mijina tas a kan salansa, ban kare 'yar makauniyata ba. Na yi ta ba ta haƙuri ina goge mata leshi. Har na ji bakina yana cewa, "Ai tsintacciya ce, Hajiya, mun kusa rabuwa da ita." Kyanwar tana gefe tana lasar ƙafarta da romo ya ƙona, ban ko duba ta ba sai da baƙi suka tafi.

Washegari na ce wa Malam zan kai ta wurin Yayata a Batagarawa, mako biyu kawai, kafin a gama hidima a kuma yi wa tsakar gida sumunti. Ya ce, "Ke kika ce likita ya hana a canza mata wuri." Na ce ai can ba hayaniya, ya fi mata. Ya ƙyale ni. Da ya yi mini gardama irin wadda na yi masa a kan babur, wataƙila da na fasa, amma ba zan ɗora masa ba, shawarata ce.

Mu nan in za a raba kyanwa da gida, a buhu ake sa ta don kada ta ga hanya ta dawo. Haka na ga ana yi tun ina yarinya, haka ni ma na yi ba tare da na tsaya tunani ba. Na sa ta a buhun gero na ɗaure bakin, na hau kabu-kabu na ɗora ta a cinya. Duk hanya tana kuka tana yaƙushin buhun. Kwanonta da kaskonta da daron yashinta duk na bar su a gida, sauri nake in dawo in tarbi wasu baƙin.

Yaya tana tsakar gida tana sheƙar dawa na shiga. Bayan mun gaisa, ta tambayi Malam da yara da hidima, na kwance buhun. Kyanwar ta fito ta lafe a ƙasa ta ƙi motsi. Yaya ta sunkuya ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Ke kuwa ƙanwata, makauniya kika sa cikin buhu? Mi za ta gani?" Ta yi dariya, ni ma na yi. Na ce mata tana cin kifi da tuwo mai miya, shi ke nan abin da na gaya mata. Ban gaya mata zancen cokali ba, ban gaya mata zancen randa ba. Ko ruwa ban tsaya na sha ba.

Mako biyu suka zama wata biyu. Aka yi rantsuwa, aka yi walima, aka yi sumunti, aka shiga zaryar neman muƙamai. Sau biyu Yaya ta aiko a gaya mini kyanwar ba ta cin abinci sosai, ta rame. Na farko na ce a ce mata ina nan tafe ran Juma'a. Na biyu na aika mata da busasshen kifi, na ji kamar na sauke nauyi. Batagarawa nan da nan ce, mai ƙwazo ma da ƙafa yake zuwa. Ba nisa ne ya hana ni ba.

Muƙaman da aka raba ba su biyo ta kan Malam ba, sai baƙi suka fara ɗaukewa da kaɗan-kaɗan. Hajiyar nan ban ƙara ganinta ba. Wata safiya na fito na ga tsakar gida fayau, sabon sumunti sumul ba kowa a kai. Na jawo randa na mayar da ita inda take, na mayar da turmi, na zuba sabon yashi a daro. Na ɗauki kwanon 'yar makauniyata da cokali, na ɗauki kwali, ba buhu ba, na tafi Batagarawa.

Tun daga sallama na ga fuskar Yaya. Ta ce kwana uku ke nan ba su gan ta ba, suna zaton ta rariya ta fita ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi. Sun duba ƙarƙashin rumbu, sun duba gidajen maƙwabta. Na fita bayan gida, gero ya kai gwiwa, na shiga gonaki ina ƙwanƙwasa cokali a bakin kwano, sau uku-uku, in tsaya in saurara. Masu noma suka riƙa ɗagowa suna kallona, mace da mayafi tana kaɗa kwano a gona. Ranar ban ji kunyar kowa ba, sai dai ranar ba ta da amfani. Na yi ta yi har la'asar, na koma washegari, na sake komawa ran Asabar. Ban same ta ba, kuma har yau ban san yadda ta ƙare ba.

A zuwana na ƙarshe muna zaune da Yaya a inuwar rumbu, ta zubo mini fura na kasa sha. Tana son ta lallashe ni, sai ta ce, "Ki yi haƙuri, ni ina ganin dama kanta ba daidai yake ba. Kullum da sahe in ta hito daga ɗaki sai ta miƙe kaɗan, ta juya hagu, ta buga goshi da rumbun ga. Kullum, wuri guda, har goshin ya saɓule. Na rasa mi take nema nan."

Na dubi ƙofar ɗakin Yaya, na dubi rumbun, na auna tazarar da ido. Daidai inda randata take ne. Wata biyu tana fitowa kowace safiya tana neman gidana, ni kuma ina can ina soya wa 'yan siyasa nama. Yaya tana da randa har biyu a bayan ɗaki. Da na tsaya minti biyar ranar da na kawo ta, da mun jawo ɗaya mun ajiye a wurin.

Ban gaya wa Yaya abin da kyanwar take nema ba. Na ɗauki kwanon da cokalin na sa a kwalin da na zo da shi, na yi mata sallama na fito bakin titi neman abin hawa.