Gidan Ƙarshe a Zagayen Inna

Shekara talatin ke nan cif da muka kai Inna makwancinta a Yelwa, kuma ranar Asabar da ta wuce zuriyarta ta taru don tunawa da ita. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, an ɗauko lasifikar da ƙararta za ta iya tada kifi daga ƙasan tafki. An buga hotonta a jikin bokitai aka raba wa mahalarta. Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukarta hoto a duniya, na katin asibiti, sai wani jikanta mai ilimin kwamfuta ya goge mata tsagar fuska, ya haska fatar, ya rataya mata sarƙar gwal. Na daɗe ina duban matar da ke jikin bokitin. Kyakkyawa ce, ba laifi, amma ban san ta ba.

Babban wanmu, Alhaji Bala, wanda ya bar aikin gwamnati da tumbinsa da takardar yabonsa, ya tashi ya yi jawabi. Ya ce abin da ya fi faranta masa rai shi ne mun hutar da mahaifiyarmu a ƙarshen rayuwarta. Aka yi kabbara. Ni dai na ƙarar da ƙuruciyata ina gyara takardun yara da jan biro, amma hannuna bai taɓa yi mini ƙaiƙayi irin na ranar ba. Tun da ba a gyara wa babba jawabi a bainar jama'a, bari in gyara shi a nan.

A gungu aka haife mu, tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, inda ake noman albasa da kamun kifi. Shekarar da aka ba da 'yancin kai ina ƙaramin aji a Yelwa, aka raba mana tuta da kofi. Na kai wa Inna kofin ina ta rawar kai. Ta juya shi, ta leƙa ciki, ta ce, "To, shi 'yancin a nan za a zuba shi?" Ta mai da shi ma'aunin gishiri. Bayan shekara takwas aka datse kogi a Kainji, ruwa ya hau, ya shanye gungun da gonakinsa da kaburburansa.

Tun a gungu Inna tana da wata al'ada da ta gada wurin surukarta. Kullum in gari ya waye sai ta ɗauki kwanonta, ta rufe da faifai, ta fara gaisuwa daga gidan da ke kusa da inda ake ɗaure jirage, gida bayan gida, har ta dire a wutsiyar gungu. Sallama uku take yi. In ba a amsa ba sai ta ɗaga asabari ta shiga, ta taɓa tokar murhu ta ji ko an hura wuta, ta leƙa randa ta ga ko da ruwa. Matan gidajen kuwa, don girmamawa, wannan ta zuba mata ludayin kunu, waccan ta sa mata gutsuren kifi ko ƙosai biyu.

Sai aka kwaso mu zuwa sabon gari a gaɓar tafki, tsakanin Yelwa da Wara. Gidaje ne a jere kamar yara a filin fareti, rufinsu kamar an tsaga ganga biyu an kife, kowanne da lambarsa da baƙin fenti. Wanda ya raba su bai taɓa kwana a gungu ba, jerin sunayen da ke takardarsa ya bi. Maƙwabtan shekara arba'in suka wayi gari ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Kowa ya haƙura ya koyi lambarsa, ban da Inna. Ita tsohon tsari ta ci gaba da bi: daga gida na sha huɗu ta tsallaka na uku, ta dawo na ashirin da bakwai, ta wuce ƙofofi biyar ba ta ce musu uffan ba sai lokacinsu ya zo. Da na fito kwalejin horon malamai, ilimi na yi mini zafi a ka, sai na zauna na yi mata bayanin cewa miƙaƙƙen layi shi ne hanya mafi gajarta. Har zane na yi mata a ƙasa. Ta saurara har na gama, ta ce, "Sambo, ruwa ya ci gari, bai ci hanya ba. Hanya tana nan ƙafata."

Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne lamarin Baba Manu. Masassaƙin jirgi ne, rabin jiragen gungu hannunsa ya fitar da su, amma idanunsa sun tafi, matarsa ta rasu, ɗansa guda ya gangara kudu ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A gungu gidansa ne na ƙarshe. A sabon gari kuwa takarda ta ajiye shi jikin bangonmu. Duk da haka Inna sai ta wuce shi da safe, ta zagaye gari kaf, sannan ta zo masa. Abokin wasanta ne, in ya ji takunta sai ya ɗaga murya: "Kulu, kin wuce ni kamar kututture!" Ita kuma ba ta ko waiwaya: "Jira lokacinka, tsoho. Wutsiya ba ta riga kai fita."

Haka aka yi sama da shekara ashirin. Sai wata sallah Alhaji Bala ya zo daga Sakkwato da abokan aikinsa cikin mota. Suna shigowa gari, ga Inna a ƙofar wani gida ta buɗe kwano ana zuba mata kunu. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, cikin tausayi, tsohuwar wa ce wannan aka bari tana bara? Alhaji ya juya zancen. A ranar ya tara mu, ni da shi da ƙanwarmu Hajiya Larai. Larai ta ce duniya za ta ce mun yar da uwarmu. Ni kuwa, tun da ni ne malami, ni na tsara hujjoji, na ɗaya, na biyu, na uku: gwiwoyinta sun fara ciwo, asibiti na da nisa, damina na tafe. Hujjoji ne masu kyau, da ɗalibi ne ya rubuta da na ba shi maki. Ba wanda ya tambayi inda abincin kwanon ke zuwa. Na sha ganin kwanon nan ya shiga ɗakin Baba Manu a cike ya fito ba kome, amma ni da nake koya wa yara ɗebewa ban taɓa yin wannan lissafin ba.

Mun ce mata kwana biyu za ta yi a Yelwa likita ya duba ta. Da hantsi muka tare ta, tana tsakiyar zagaye. Ta ce, "Ku bari in ƙarasa." Alhaji ya ce, "Inna, direba na jira." Ta shiga mota da kwanon a cinya. Da muka isa, Larai ta karɓa ta juye wa kaji.

Ɗakin da aka tanadar mata ba shi da makusa: fanka, katifa, talabijin, daɓe mai santsi, ga ƙofar ƙarfe da maigadi. Safiyar farko ta tambaya, "Wa ke leƙa Manu?" Alhaji ya ce, "Haba Inna, gari cike da mutane." A rana ta uku ta kira ni gefe ta fasa sirrin da ta daɗe tana riƙewa. Duk abin da ake zuba mata, cikin Manu yake tafiya. Shi ya sa ya zama na ƙarshe, don sai kwano ya cika. Ba ta taɓa ce masa ga abinci ba, sai dai ta ajiye kifi ta ce gidan wane na gaishe ka, ta ajiye ƙosai ta ce gidan wance na gaishe ka, don mutumin da ya sassaƙa wa gari jirage ba zai ci sadakar gari ba. Mutanen gari sun ɗauka mu maƙwabta ke ciyar da shi daga tukunyarmu. Yanzu ga gidanmu da kwaɗo. Ta riƙe hannuna ta ce, "Sambo, tahi yau." Na ce makon jarrabawa ne, sai Asabar. Asabar ta zo da tarin takardun gyara. Na tafi wata Asabar ɗin.

Na tarar kwana ɗaya ke nan da binne Baba Manu. Wata matar aure, Saratu, Bakambara mai zuwa coci, ita ta lura asabarinsa ya kwana biyu ba a ɗaga ba. Ta shiga ta same shi kwance a gindin randa, randar a bushe. Zazzaɓi ne, aka ce, kuma liman ya ce ajali. Gaskiya liman ya faɗa. Sai dai ban taɓa karantawa a wani littafi ba cewa ajali ya hana a ba mutum ruwa.

Da na koma na gaya wa Inna, ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi: "An same shi da ɗumi ko da sanyi?" Na kau da kai. Ta gyaɗa kai.

Tun daga washegari ban sake jin sunan Sambo a bakinta ba. In na shigo sai ta gyara mayafi ta ɗan rusuna: "Malam, an kwana lahiya? Ya iyali? Ya aiki?" Irin gaisuwar da ake yi wa baƙon jami'i mai rajistar ƙidaya. Wanmu kuwa ya zama "ranka shi daɗe". Shi abin daɗi ya yi masa, har yana gaya wa mutane cewa tsohuwa ta fara wayewa. Ƙafafun da suka yi rabin ƙarni suna zagaye gari, wata shida a kujera suka manta aikinsu, daɓen mai santsi ya kayar da ita sau biyu, aka ƙara tsananta hutun. Shekara biyu ta yi a ɗakin nan tana gaishe mu da ladabi, sannan ta cika. Wannan shi ne hutun da aka yi wa kabbara ranar Asabar. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma da sa hannuna a ƙasan takardar.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. Jikokinta suna da zaure a waya, inda kowace safiya ake turo hoton fure da "barka da safiya", yatsa ɗaya ya gaida mutum ɗari ba tare da mai shi ya sauko daga gado ba. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, mu mun ɗauke ta daga ƙafa mun mayar babban yatsa, muna kuma kiran abin ci gaba. Kula da tsoho yanzu shi ne a turo katan ɗin madara, a ɗauke shi hoto yana riƙe da shi, a watsa wa dangi. Ba wanda ke tambayar tsoho abin da yake yi da safiyarsa, ko wane ne ke rataye a wuyansa. Mun ɗauka tsoho kaya ne da ake nema wa ma'ajiya mai kyau. Ba mu san wani tsohon ginshiƙi ba ne, in ka cire shi don ka adana, rufin wani ne zai faɗi. Ina jin da an nuna mata furen, sai ta juya wayar ta duba bayanta, ta ce, "Mi aka aiko da shi?"

To me ya rage nata? Ba ɗabi'arta a jininmu ba, wannan kam na duba ban gani ba. Watan jiya na je sabon garin, wanda yanzu ya tsufa, rufin gangunan duk sun tsattsage. Ba sauran mai rai a garin da ya san tsarin gidajen gungu, hanyar ta tafi da mai ita. Amma na tarar da Saratu, ita ma furfura ta cika mata kai, tana fitowa daga ɗakin wata tsohuwa. Ashe tun ranar da ta ɗaga asabarin nan ba ta sake bari rana ta take ba sai ta leƙa duk tsohon da ke zaune shi kaɗai. Gida huɗu ne yanzu, biyu Musulmi, ɗaya 'yar cocinsu, ɗaya kuma bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Ba ta yi aji ɗaya a makaranta ba, gawa guda ta ishe ta darasi. Mu masu takardu har yau muna jawabi.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga sanda, ta ce, "Malam, ashe kai ma ka iso. Uwargida fa?" Na ce ta rasu bara waccan. "To wa ke leƙa ka?" Na gyara murya na ce alhamdu lillahi, 'ya'yana suna Abuja da Kaduna, kuma ba a kwana uku ba su kira ni a waya ba.

Ta ce, "Madalla. Allah shi sa ranar da ba ka ɗauka ba, su sake kira."

Na ce amin. Na daɗe ina cewa amin a duniya, amma ban taɓa faɗinta da gaske kamar ranar ba.