Sunayen da Ke Cikin Waƙar Wanki

'Yargata ba ta taɓa leƙa ramin yuraniyom ba, amma ta fi likitan kamfani sanin abin da ke ƙirjin mazan Arlit. Daga Tawa ta zo a bayan kamyo, babbar motar kaya, tare da mijinta Ahmudu, shekarun da ko jakin garin nan yanga yake yi. Shi ya samu aikin fasa dutse da ɗaki biyu a gidajen kamfani, ita ta kama yi wa gwauraye wanki.

Namiji ya iya ɓoye tari ga matarsa, ban da mai wankinsa. Da ta ga ɗigon jini a adiko ko a bakin hannun riga, sai sunan mai rigar ya shiga waƙar da take yi tana cuɗa kaya. Roƙon Allah ne, suna bayan suna. Maza kuwa haɗiye tarinsu suke, don wanda likita ya ji, takarda ake ba shi, a karɓe makulli, a ɗora shi a mota zuwa garinsu. Ba a ga wanda ya dawo ba da labari ba.

Ana nan sai ga Muktari daga Yamai, ɗan boko siriri kamar tsinken tsire, da tabarau da rikoda. Wai babban digiri yake nema a kan waƙoƙin aikin mata. Ya bi masu daka a Damagaram, ya bi masu niƙa a Maraɗi, bai samu abin da ya cika masa ido ba sai a bakin bahon 'Yargata. Kamfani ne ya ba shi masauki da mota.

"Mushe," in ji ta, kamar yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci, "ashe har da wanki ake zama malami? Da na sani da tuni ina da rawani."

Sati uku yana zaune a kan turmi yana naɗa. A na ukun ne ta tarar da jini a rigar Ahmudu, sunan kuwa ya fita daga bakinta kafin ta tuna da na'urar.

Ranar Alhamis Muktari ya zo sallama. Yana shan ruwa ya ce shugaban ma'aikata ya nemi jin kasetocin gobe kafin ya tafi.

"Mi zai ji?"

"Al'ada, Inna. Suna son al'ada."

"Goge na wankin."

"Ai shi ne zuciyar aikin. Ko kofe ban yi ba tukuna. Waƙa ba sunaye, malamaina za su ce ƙirƙira na yi."

"Malamanka na da ɗakin da za su ba mutum goma sha huɗu da iyalinsu?"

Ya gyara tabarau, ya ce zai yi wa shugaban bayani. 'Yargata ta san irin bayanin da ɗan masauki ke yi wa mai gida.

"To sa min in ji muryata, ko na yi kama da kwaɗo."

Ya sa. Ta saurara har aka zo kan Ahmudu, ta danna inda ta ga yana dannawa, ta zare kaset, ta tsoma shi a ruwan zafin sabulu. Ta warware zaren kaf, ta cuɗa shi, ta shanya a igiya tsakanin wanduna.

"In ya bushe ka zo ka ɗauka. Ba na guga."

Muktari ya tafi bai yi sallamar ba. An ce ya zama babban malami da waƙoƙin daka, Allah ya ƙara. Ahmudu ya ƙara wata bakwai a ramin kafin tarin ya ƙwace masa a gaban likita. Da motar ta tashi da shi, ita ta tsaya, ta kafa rumfa a bayan gari, don wanki bai ƙare ba.

Ba ta sake kiran suna ba. Murya kawai take ja, baki rufe. Amma in ta fara, mazan da ke wucewa sukan rage tafiya su leƙa, su ga rigar wa ke hannunta.