Kashe-ta da Jar Fitilar Motar Burodi

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe gareji, kuma kafin ya taɓa ko sifana ɗaya sai ya jawo wani ɗan akwatin katako daga ƙarƙashin benci. A ciki akwai agogo naɗe da tsohon tawul. Ba na faɗin lokaci ba ne, na awon ƙarfin baƙin mai ne a cikin inji, mai allura ɗaya da ɗan tiyo a gindi. Zai hura masa iska, ya goge da gefen riga, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Matarsa ta taɓa cewa da ita ake yi wa irin wannan duba kowace safiya, da tuni ta yi ƙiba.

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a gareji. Kashe-ta kowa ke kiransa. Dalili kuwa, in direba ya shigo ya leƙo ta taga ya ce, "Wata jar fitila ce ta..." ba ya bari ya ƙarasa. Daga inda yake zai daka tsawa: "Kashe ta!" Sai an kashe motar sannan a gaisa, a tambayi iyali. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki bayan shekara talatin da takwas, don gwiwoyinsa sun ce ba za su ƙara shiga ramin duba ƙarƙashin mota ba. Ni da na shekara goma ina zaman bencin garejin nan ba tare da na mallaki ko keke ba, na ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Fitilar da ake magana, zanen 'yar buta ce mai ɗigo ɗaya a baki. Na sha tunanin wanda ya zana ta, ko a gidansu akwai irin butar. Direbobi ba sa ƙaunarta. A bangon gareji Kashe-ta ya kafa allo, yana manna abubuwan da ya ɓamɓaro daga gaban direbobin da suka rufe ta don ta daina damunsu: baƙin salatif, busasshen cingam, filastar ciwo, har da hoton wani jariri. Mai hoton ya ce gara ya riƙa ganin ɗansa da ya riƙa ganin ja. Injinsa bai kai ranar da yaron ya fara rarrafe ba.

"Mutane sun ɗauka cewa take babu mai," in ji Kashe-ta. "Ba haka take cewa ba. Cewa take mai ba ya isa inda ya kamata da ƙarfinsa. Tanki na iya cika fal a tsakar gida, na saman bene yana murɗa famfo yana jin iska."

Ayyukansa suna da yawa, amma ɗaya zan bayar, wanda aka yi a gaban mai walda da mai faci, duk suna raye, a tambaye su.

Akwai direban motar gidan burodi, dattijo da kowa ke ce wa Kawu. Shekara ashirin da shida yana jan motar gidan. Da tsohon maigida ya kwanta dama, ɗansa ya gaji wurin, saurayi mai biro uku a aljihu, wanda Kawu ya sha kaiwa makaranta yana kuka. Ƙaramin maigida ya zo da aƙidar cewa duk abin da ya ragu a gidan, wani ne ya ɗauka. Motar kuwa tsohuwa ce, tana ɗan shan baƙin mai kamar kowace tsohuwar mota. Sai ya kulle galan-galan ɗin mai a ofis, ya ce daga yau shi zai riƙa zubawa da hannunsa.

Wata hantsi sai ga motar ta shigo gareji ba ƙara, Kawu da wasu mutum biyu suna turawa, cike da burodi mai zafi. Mai walda ya kashe wutarsa ya bi ƙamshi.

"Ta kama ne?" in ji Kashe-ta.

"Sati uku tana ƙyafta ido in inji ya yi zafi," in ji Kawu yana haki. "Yau ta buɗe ido ta ƙi rufewa. Na tuna maganarka, na kashe a tsakiyar hanya."

"Ka faɗa wa maigidan naka?"

"Na faɗa. Duk faɗa ɗaya sai ya buɗe sabon galan ya ƙara."

Ba a jima ba sai ga ƙaramin maigida a bayan babur, waya a kunne. Ya gaida Kashe-ta a tsaitsaye.

"Baba, kada ka wahalar da kanka. Na san ciwon motar nan, ga shi nan tsaye da hula. Jiya da hannuna na zuba mai, yau fitila ta ce babu. Ina ya tafi? Kawu, ba ni makulli."

Kawu ya sa hannu a aljihu ya zaro makulli. Ba aikin kaɗai zai rasa ba, ko da yake baki bakwai ke ci daga makullin nan. In aka sallami dattijo irinsa da sunan ɓarawon mai, babu wanda zai ƙara ba shi ko amalanke ya tura. Kafin makullin ya isa hannun maigida, Kashe-ta ya cafe shi.

"Motar da ke garejina, makullinta nawa ne har ta fita. Zo ka tsaya nan, ɗana."

Ya ɗaga bonet, ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya kai ta daidai hancin maigida. Mai ya wuce alamar sama da faɗin yatsa biyu.

"Ɓarawon nan naka sabon shiga ne," in ji shi. "Maimakon ya kwasa, ƙarawa yake yi."

Mai walda ya ƙyalƙyale da dariya har ya zauna a kan taya. Maigida ya gyara biro.

"To ashe fitilar ce ke ƙarya. A cire ƙwan. Kuma wannan ma laifi ne, ya tsayar mini da burodin safe saboda fitilar banza, ga masu shaguna suna ta kirana."

"Tana iya ƙarya," in ji Kashe-ta. "Akwai ɗan abin da ke kai mata labari daga inji, in ya tsufa yakan kai labarin da ba a aike shi ba. Bari mu kira wanda ba ya ƙarya."

Ya kwance ɗan abin daga jikin inji, ya ɗaura tiyon agogonsa a gurbin, ya ce Kawu ya tayar. Duk muka sunkuya. Allurar ta ɗan ɗaga kai kamar majiyyacin da aka zo dubawa, ta koma ta kwanta. Daga saman inji ana jin ƙaf-ƙaf-ƙaf.

"Kashe ta!" Ya miƙe yana goge hannu. "Fitila ta faɗi gaskiya. Da mutumin nan ya ƙara tafiyar minti goma don burodinka ya isa da zafi, da yanzu da masu sayen tsohon ƙarfe kake waya."

Da wani ne, da nan zai sauko. Ƙaramin maigida kuwa ya riga ya hau, kuma a gaban jama'a.

"To shi ya lalata injin da tuƙin ganganci."

"Kawu?" in ji mai faci. "Mutumin da mai keke ke wuce shi har ya tsaya su gaisa?"

Kashe-ta bai yi dariya ba. Ya san wannan zargin ba ya mutuwa da baki, sai an sauke kaskon ƙasan inji an ga ciki. Kuma shi kansa bai san me zai tarar ba. In famfon mai ne ya cinye, ko ƙarafan ciki suka saki, yaron zai samu abin kamawa, ko da tsufa ne ya jawo. Ya dubi Kawu.

"Abin da na gani shi zan faɗa, ko bai yi maka daɗi ba."

"Shi ya sa na turo ta nan," in ji Kawu.

Aka tura motar kan rami. Kashe-ta ya sauka, gwiwoyinsa suna ƙara kamar ana karya kara. Ya tsiyaye mai, ya bi ƙusoshin kasko ɗaya bayan ɗaya. Kawu yana tsaye a bakin rami, hula a hannu. Can sai muka ji daga ƙasa an ce, "Ikon Allah."

Ya fito riƙe da 'yar rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta. Ta toshe ƙam da wasu abubuwa masu ƙyalli. Ya wanke su da kananzir, ya baje a kan murfin fenti. Gutsattsarin farar takarda ne mai walƙiya, wasu har da rubutu a jiki. Na ƙirga goma sha tara. Na ɗauka inji ne ya fara haihuwar azurfa, na ce a bar shi ya ci gaba.

"Mene ne wannan?" in ji maigida. "Wa ya sa?"

Kashe-ta ya wanke rariyar tas. Ya koma rami, ya duba famfo ya ga lafiyarsa ƙalau, ya mayar da rariya da kasko, ya sa sabuwar filta. Sannan ya fito, ya ɗauko sabon galan ɗin mai ya ajiye a gaban saurayin, dab da murfin fentin.

"Hannuna duk maiƙo ne, ɗana. Buɗe mana."

Maigida ya murɗe murfi. A bakin galan akwai farar takardar nan mai walƙiya da ake liƙewa. Ya zaro makullin ofis, ya caka mata sau biyu, ya sa babban yatsa ya danna ta ciki, da saurin wanda ya saba. Takardar ta nutse a cikin mai.

Yatsan bai fito ba. Ya dubi bakin galan. Ya dubi murfin fenti. Ya sake duban bakin galan.

Mai walda ya buɗe baki, Kashe-ta ya taka masa ƙafa.

"Wannan galan sai an tace," abin da ya ce ke nan. Ya shimfiɗa ƙyalle a kan mazurari ya miƙa wa maigida. "Riƙe nan. Kawu, zuba."

Da aka tayar, allurar agogo ta miƙe tsaye ta tsaya, ƙaf-ƙaf ɗin ya yi shiru. Aka mayar da ɗan mai kai labari, jar fitila ta mutu. Kashe-ta ya zare makulli, bai ba Kawu ba, ya sa a tafin maigida, ya juya baya yana wanke hannu kamar ba ruwansa. Saurayin ya daɗe yana juya makullin. Sannan ya rusuna, ya miƙa da hannu biyu.

"Kawu, a yafe mini. Galan-galan ɗin ma su koma wajenka."

"Burodi ya huce, ranka ya daɗe," in ji Kawu. "Hau mu je ka yi wa masu shaguna bayani da bakinka. Ni ban iya ba."

Kashe-ta, kai ne likitan da ba ya yanka sai ya auna. Kai ne ka shiga rami da gwiwoyin da suka ƙi, alhali cire ƙwan fitila minti ɗaya ne, kuma mai mota da kansa ya nema. Ka wanke dattijo, ba ka kuma tsiraita yaro ba, ka bar shi ya kama kansa da yatsansa. Mun gode. Allah ya saka, ya hutar da gwiwoyin nan, ya sa matarka ta samu rabonta na duban safe.

Ku masu sifana da ke tasowa, da ku masu ofis, ku ɗauki wannan a wurinsa: in ja ta kama, a tsaya tukuna, a auna, a buɗe a gani, kafin a karɓi makulli a hannun mutum.

Da Kawu ya ji ina wannan rubutu, ya same ni a benci ya ce in sa masa nasa layin, tunda shi bai iya ba. Na ce faɗi.

"Ka rubuta masa cewa 'ya'yana ba su taɓa jin an kira ubansu ɓarawo ba, kuma ba su san wanda ya hana ba. Yanzu sai su sani."