Arzika da Rudun Ɗan Gwaggonsa

A kasuwar albasa ta Aliero, in ka nemi Arzika Mai-hanci ba za ka sha wahala ba. Ɗinkin bakin buhu ne aikinsa, amma hancin ne ya yi masa suna. Yakan sunkuya ya shaƙi buhu sau ɗaya ya ce da dillali, "Wagga ba ta kai Anacha," kuma ba ta kaiwa, a hanya take ruɓewa.

Mutumin Jiga Makera ne. Da aka raba gadon mahaifinsa ya tashi da ɗan fegi a fadama, da kuma abin da ya fi so a duniya, wato irin wata jar albasa mai tauri da tsohon ya yi shekara arba'in yana zaɓe. Kowace shekara Arzika yakan ware kawuna mafi kyau, ya ɗaure su da ganyensu ya rataye a zaure, har lokacin dashe ya yi su yi fure su ba da iri. Da cinikin albasa ya ja baya kuwa, sai zaman gindin dogon yaro, wata shida ba aikin fari ba na baƙi.

Wata shekara wata ƙungiya ta zo koya wa marasa aikin yi sana'a, mako biyu a ajin firamare. Mai unguwa ya sa sunan Arzika a ɓangaren ajiyar albasa. Da ya ji cewa wata Malama Asma'u ce daga birni za ta koyar, ya yi dariya har da buga cinya. A koya wa Mai-hanci albasa! Nan take ya tura wa Sambo gurbin, don tsokana kawai.

Sambo ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, uwa Bahaushiya uba Bafulatani. Ciwo ya ƙarar da shanunsa, ya dawo gari yana zaman jiran tsammani.

"Tahi, ɗan Hillani," in ji Arzika, "ko ka san inda kan albasa yake da inda gindinta yake."

"Na gode, Kaɗo," in ji Sambo, ya saɓa sandarsa ya tafi.

Wanda bai san komai ba ya fi iya saurare. Sambo ya dawo ya kafa rudu, wato rumfar ajiyar albasa, amma ba irin wadda aka saba ba. Ya ɗaga ta daga ƙasa kamu biyu, ya jera gora da tazara don iska, ya yi mata jinka mai kauri. Mutum uku suka ba shi ajiya, su ma don kunya. Da damina ta yi nisa, albasar kowa ta ruɓe rabi da rabi, ta wurin Sambo ta fito jawur tana ƙyalli. Fatake suka fara kiransa a waya daga Jega. Shekara ta kewayo, har daga Giwa Tazo ake kawo masa kaya a amalanke.

Arzika ya yi hassada, ba sai an sakaya ba. Ya rame a tsaye. Ba babur ɗin da Sambo ya saya ne ya fi ci masa rai ba. Ranar da wani dillali ya ɗaga albasa a gabansa, ya wuce hancinsa ya ce, "Malam Sambo, duba muna wagga," ranar ce ya kasa cin tuwo. Malam! Mutumin da bara waccan bai san albasa ba sai a miya. Daga nan duk hadarin da ya taso, Arzika sai ya dubi wajen gidan Sambo yana fatan iska ta yi aikinta, sannan ya yi istigfari a gurguje.

Matarsa Shafa'atu ta ce, "Malam, mi za ya rage ka in ka tambaye shi?"

"Ni in tambayi makiyayi? Na ga abin da idona, itace na da gora."

Ya leƙa ta kan darni ya ƙare wa rudun kallo, ya gina nasa ya fi na Sambo girma. Jinka kuma ya ce ta talaka ce, ya sayar da akuya biyu ya rufa kwano, yadda za a hango ƙyallinsa daga hanya. Abin da darni bai nuna masa ba shi ne abin da ake yi tun a gona. A aji an koya wa su Sambo a yanke ban-ruwa mako biyu kafin cira, a bar wuyan albasa ya bushe kafin a yanke ganye. Arzika ɗan kasuwa ne, ya yi yadda masu sayarwa nan take suke yi: ya ƙosar da ita ruwa don ta yi ɓul-ɓul, ya gundule ganyen a ranar. Don rudun ya cika a gani, har kawunan iri bai rataye a zaure ba, ya zuba su ciki.

Hancinsa ne ya fara gaya masa, tun kafin kowa ya ji. Kwana uku yana ƙaryata shi. Da ya buɗe, zafin kwano da ruwan ciki sun gama aiki, albasa ta zama kunu. Ya durƙusa yana tono da hannu yana hawaye, ya tsamo kawuna masu rai da ba su cika ƙwarya ɗaya ba. Irin mahaifinsa ke nan gaba ɗaya. Ba ganyen da za a ɗaure su a rataye, ga saura wata uku a yi dashe.

Da rana tsaka ya ɗauki ƙwaryar ya ratsa ta gaban masu zaman dogon yaro, ya nufi rudun Sambo. Sambo ya dubi ƙwaryar, ya dubi fuskarsa. Taubashi ne, yana da ikon ya yi masa tsiyar shekara guda a wurin. Bai yi ba, kuma wannan ya fi yi wa Arzika ciwo.

"Ta Kawu ta?" Sambo ya tambaya a hankali.

"Ita ta. Dut abin da yar rage."

Sambo ya share wuri a benen sama na rudunsa inda iska ta fi ratsawa, ya jera su ɗaya-ɗaya.

Hassadar ba ta tafi ko'ina ba, har yau in an ce "Malam Sambo" sai gabansa ya faɗi. Amma a makon nan hadari ya haɗo daga gabas, Arzika ya hango wani gefen jinkar rudun Sambo ya zame, daidai inda kawunan irinsa suke. Ya zare ciyawar rufin ɗakin girkin Shafa'atu, ya ruga, ya haye saman rudun yana ɗauri yana zagin duk wanda ya koya wa Bafulatani jinka.

Wani tsoho da ya fake a ƙasa tare da Sambo ya ɗaga kai ya ce, "Kai, Sambo, ka yi dacen ɗan'uwa. Allah shi ba mu mai son mu haka."

Arzika ya ciji igiyar da ke bakinsa, ya ja ƙullin da ƙarfi.