Kawu Sabo mai fitilun gudu ya rasu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina jera wa Mama lemo a tire aka zo aka ce Kawu Sabo ya rasu.

Ban saba rubutu a nan ba, amma yau sai na yi.

Shi ne mai shagon da ke jikin rumfarmu a Zuba. Yana sa wa manyan motoci ƙananan fitilun nan masu zagaya gilashi kamar suna tsere.

Ina ƙarama na ɗauka da gaske gudu suke yi. Kunya ta hana ni tambaya, sai leƙe. Ran nan ya kama ni, ya ce in shigo in taɓa ɗaya. Na ɗora yatsa. Tana nan daram, ko motsi ba ta yi.

Sai ya miƙo min wani ɗan akwati mai abin murɗawa. Na murɗa baya, wannan ta kama ta mutu, can wata ta kama, kowacce ita kaɗai. Na murɗa gaba sosai, duk suka haska tare suna rawa. Da na dawo tsakiya a hankali, sai ga haske yana gudu.

Ya ce, "Ba fitila ke tafiya ba, 'yata. Idonki ne ke haɗa su, in tazarar ta yi daidai."

Da idonsa ya fara rauni, ni yake kira in tsaya daga nesa in ce masa "nan" idan hasken ya fara gudu. Direbobi su yi ta tsiya, wai Oga ya ɗauki injiniya mai tallan lemo. Ya ce su bari su ga aikin tukuna.

Kullum sai ya rage min ƙosai.

Jiya da yamma ya gama jona wayar wata mota mai ɗauko lemo daga Binuwai. Ya ce ya gaji, gobe ni zan saita ta ni kaɗai, ba zai sa hannu ba. Na ce ba zan iya a gaban maza ba. Ya yi dariya ya ce, "Ki kalli fitila, kar ki kalli mutane."

Bayan jana'iza direban ya zo, ya ce a cire kayan kawai tunda babu mai ƙarasawa. Aikin Kawu na ƙarshe ke nan za a kwance.

Na ji bakina ya ce, "Oga, ka kunna."

Mama ta dube ni, ba ta hana ba. Na kama akwatin na murɗa, na wuce tsakiya, na dawo. Hasken ya zagaya gilashin sumul.

Direban ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi sunana.

Motar ta kama hanya da aikin Kawu a goshinta.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka, ya ba iyalinka haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.