Katin Rangwame

Na je sayen injin wanki, na dawo da katin bashi a aljihu ban sani ba.

Dako nake yi a wani sito a unguwar Khumra, nan ƙasa mai tsarki. Buhunan shinkafa, katan-katan na mai, duk abin da tirela ta kawo. A Sudan aka haife ni. Ina jin Larabci kamar Hausa, amma ban iya karatu ba. Hannun matata ya tsattsage da wanki, sai na tara kuɗi na tafi wani babban kantin kayan wuta wajen unguwar Madain Fahd.

Abu na farko da baƙo ke koya a garin nan shi ne, in an ce kawo iƙama, wato katin izinin zama, ka miƙa. Ba a tambayar dalili. Ɗan sanda, mai gadin ƙofa, mai sayar da layin waya, duk ɗaya ne. Hannuna yakan riga kaina isa aljihu.

A kantin wani ma'aikaci ya tare ni. Ya dubi fuskata, ya juya harshe.

"Kawu, Bahaushe ne? Ahlan! Kakana ma hajji ya kawo shi."

Hausarsa a karye take, rabi Larabci, amma ta yi mini daɗi.

"Kawu, kada ka biya kamil. Akwai katin khasm, rangwame ya'ani. Balash, kyauta, wallahi. Yalla, kawo iƙama."

Na miƙa. Ya ce lamba za ta shigo wayata, na ba shi wayar gaba ɗaya. Ya daddanna, ya sa na ja yatsa a kan gilashi.

"Halas, an gama. Mabruk."

Abin da aka rage mini bai fi kuɗin kaji biyu ba. Sauran na biya hannu da hannu. Katin kuwa matata ta jefa shi a gwangwanin zare da allura. Bai ƙara fitowa ba.

Saƙonni suka riƙa shigowa. Wayata dama kullum cike take da talla, sai in goge. An yi ta kira da lambar da ban sani ba. Mai buhu a gadon baya ba ya ɗaga waya.

Ana nan bayana ya lalace. Da safe sai na dafa bango nake miƙewa. Kafilina, maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ga yadda nake tafiya, ya ce in na samo ƙaramar mota tawa, zai cire ni daga dako, in riƙa kai ƙananan kaya shaguna. Ya ba ni takardar albashi. Na tafi wajen masu sayar da mota biya kaɗan-kaɗan. Har na zaɓi wata fara, na zauna a ciki.

Magatakardan ya duba na'ura, ya dube ni.

"Ya hajj, sunanka ya ɓaci a wajen masu ba da bashi."

"Ban taɓa cin bashin kowa ba."

"Kana da katin bashi. Yana da kuɗin shekara, ba ka biya ba. Tara ta hau kai."

"Ko tsinke ban saya da shi ba."

"Na'ura ba ta san wannan ba."

Na koma kantin. Mai kirana kawu ya bar aiki. Wanda ke wurin ya ce, "Wa ya ba da lambar da ta shigo wayarka?"

"Ni."

"To, halas."

Na biya duka. Na sa aka rufe katin, matata ta datse shi da almakashi. Na koma wajen mota da rasit a hannu. Magatakardan ya ce biya daban, wanke suna daban. Tabon zai zauna shekaru kafin ya fita. Na ce bayana ba zai jira shekaru ba. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya kira na bayana a layi.

A sito labari ya bazu. In na sunkuya ɗaukar buhu sai wani ya ce, "Alhaji mai kati, a ba ka rangwamen buhu ɗaya?" Sai in ɗauki buhuna in wuce.

Matata ta ce, "Baban yara, mu sayar da injin nan, ba na son ganinsa."

Na ce ta bar shi. Shi kaɗai ne na biya da sanina.

Kafili ya ba wani aikin kai kayan. Ni har yau ina Khumra, da ɗamarar roba a kugu, ina sauke tirela. In an ce kawo iƙama, ina miƙawa.