Firintar Lucia da Jadawalin Sunaye

Ranar da ruwan farko ya sauka a Samaru a shekarar 2004, hadari ya haɗu ta gabas tun azahar, iska ta yaye rumfar mai shayi. Ana fara yayyafi aka ɗauke wuta, Shekari kuwa yana tsakiyar aiki.

Shekari mai gyaran kwamfuta ne, mutumin Zonkwa, ba shi da hayaniya. Shagonsu ɗaya da matarsa Lucia, mai buga wa ɗalibai takardun kammala karatu. Kwamfutarsu ta kwana biyu, shi ya sa da kansa yake harhaɗa mata kanel, wato zuciyar manhajar da ke juya na'urar. In ya gama sai ya fitar da jadawalin sunaye: kowane aiki da lambar mazauninsa, kamar gidaje a layi. In na'ura ta sandare lamba kawai take nunawa, jadawalin ne ke faɗin mai laifi.

Da wuta ta dawo ya ƙarasa haɗin kanel ɗin, ya tafi cin tuwo. Washegari kwamfuta ta sandare. Ya duba lambar, jadawali ya ce firinta.

Ya ce wa Lucia, "Maman Diana, firintarki ce. Bari in kai ta PZ, masu kayan gyara su farke ta."

"Wadda yayana ya ba ni ranar aurenmu? Kai ma ai ka tsufa, wa ya kai ka PZ?"

Ya yi dariya, amma ya ɗaure firintar a bayan babur. Lucia ta zauna ta yi tagumi.

Har ya ɗora ƙafa zai tayar, sai ya tuna jiya. Ya sabunta kanel, ɗaukewar wutar ta mantar da shi fitar da sabon jadawali. Ayyuka sun yi ƙaura, shi yana ta ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Ya koma ciki ya fitar da sabo. Ashe mai laifin katin sautin kwamfutar ne, wanda shi da kansa ya tsinto a gwanjo.

"To malam, kwance ta," in ji Lucia. "Kai za a ɗaure a wurin."

A ranar ya zauna ya rubuta wa na'urar 'yan umarni a jere: duk sa'ad da aka gama haɗa kanel, ta fitar da jadawalin da kanta, ko ya tuna ko bai tuna ba.

Yanzu suna zaune a Bomo. Shekari yana gyara, yana ɗan noman masara. Firintar tana shago, Lucia na aiki da ita.